Tseren Jirgin Iska a Intanet: Yadda Ake Karanta Iska da Zaɓen Hanya

Duk bayan shekara huɗu, a watan Nuwamba, jiragen ruwa masu tafiya da iska sukan tashi daga garin Les Sables-d'Olonne a gaɓar Faransa su zagaye duniya, kowane jirgi da mutum ɗaya tak, ba tsayawa, ba taimako. Sunan gasar Vendée Globe, an fara ta a 1989. Wadda aka tashi ranar 10 ga Nuwamba 2024, Charlie Dalin ne ya cinye ta cikin kwana 64 da awa 19. A daidai lokacin da waɗannan jirage ke kan teku, akwai wasu dubban ɗaruruwa da ke bin hanya ɗaya da su a cikin waya da kwamfuta, a wasan Virtual Regatta. A gasar 2020 masu wasan sun haura miliyan ɗaya. Shiga kyauta ne. Akwai kuma Sailonline, wanda shi ma kyauta ne, kuma yawancin abin da ke cikin wannan bayani yana aiki a can.

Abin da ya raba wannan wasa da sauran wasannin waya shi ne iskar cikinsa ta gaske ce, kuma lokacinsa lokacin duniya ne. Jirginka yana tafiya kana barci, yana tafiya kana kasuwa. Saurin yatsa ba ya ƙara maka komai. Aikinka ɗaya ne: ka kai jirgin inda iska za ta kasance gobe da jibi, ko da hakan na nufin barin gajeriyar hanya yau.

Lambobin da ke kan allo

Nisa a teku da mil na teku ake auna shi, mil ɗaya kilomita 1.852. Gudun jirgi da ƙarfin iska kuma mil nawa a awa, abin da allon ke rubutawa kn ko kts. Alkibla da digiri ake faɗinta: 0 arewa, 90 gabas, 180 kudu, 270 yamma. A nan sabon shiga ke fara tuntuɓe, domin lambar jirgi tana nuna inda ya dosa, ta iska kuwa tana nuna inda ta fito. Iskar 45 ita ce mai busowa daga arewa maso gabas, kamar iskar hunturu.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci ita ce TWA, wato kusurwar da ke tsakanin goshin jirgi da inda iska ta fito. Idan ta yi 0, iska na dukan goshi, jirgi ya tsaya cak. Idan 90 ce, iska na zuwa ta haƙarƙari. Idan 180 ce, tana zuwa ta ƙeya. Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Sai ya kauce mata da kamar digiri 40 zuwa 50 kafin ƙyallen da iska ke turawa ya cika. Kuma abin da mutane da yawa ba sa zato: iskar ƙeya tsantsa ba ita ce mai gudu ba. Jiragen wannan gasa, masu tsawon mita 18.28, sun fi gudu idan iska ta zo daga haƙarƙari ta ɗan koma baya, tsakanin 100 da 140.

Kowane jirgi yana da zanen da ke nuna gudunsa a kowace kusurwa da kowane ƙarfin iska, ana ce masa pola. Ka buɗe shi tun kafin a tashi, ka zaɓi iska mai ƙarfi 10, da 15, da 25, ka rubuta wa kanka a takarda kusurwar da ta fi kyau idan ana hawan iska, wato ana dosar inda ta fito, da wadda ta fi kyau idan ana gangara, wato ana bin inda ta nufa. Lambobi shida ke nan, kuma su za ka yi ta amfani da su wata biyu.

Gudu dabam, ci gaba dabam

Idan wurin da za ka yana daidai inda iska ke fitowa, dole ka tafi a karkace, ka yi dama ka yi hagu. Tambayar ita ce karkatar nawa. Wasan yana ba da amsa da lambar VMG, wadda ke nuna mil nawa kake ci a awa zuwa cikin iskar, ba gudun da jirgi ke yi a kan ruwa ba. Ga misali da lambobi masu sauƙi. Jirgi a kusurwa 40 yana gudun 9, abin da yake ci zuwa gaba 6.9 ne. A kusurwa 45 yana gudun 10, yana cin 7.1. A kusurwa 55 yana gudun 11, amma cinsa ya faɗi zuwa 6.3. Wanda ya bi gudu kawai zai zaɓi 55, ya ga jirginsa na tsala gudu, washegari ya tarar an bar shi da mil 19.

Haka yake a gangara. A ce iskar ƙeya tsantsa na ba ka 14. Ka karkata zuwa 140, gudu ya hau 20, abin da kake ci zuwa gaba ya zama 15.3. Hanyar ta ƙara tsawo amma ka riga mai miƙewa isa.

Sauya gefe iri biyu ne. In kana hawan iska, goshin jirgi ne ke ratsa iskar. In kana gangara, ƙeyarsa ce. Kowanne yana rage maka gudu na 'yan mintuna, haka ma canjin ƙyalle. A Virtual Regatta akwai kuma ma'aunin kuzarin matuƙi: kowane juyi yana cin kuzari, kuma gajiyayyen matuƙi ya fi daɗewa kafin jirginsa ya dawo da gudu. Don haka juyi goma a dare ɗaya saboda iska ta motsa digiri uku asara ce. Ka juya idan iska ta karkata sosai har ɗaya gefen ya fi fuskantar inda za ka, kuma hasashe ya nuna karkatar za ta daɗe.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta cancanci haddacewa. In kana hawan iska kuma hasashe ya nuna za ta koma dama nan da awa goma sha biyu, ka fara tafiya dama, ka tare ta, sannan ka juya. In kana gangara, akasin haka ne: ka fara nisantar ɓangaren da za ta koma, idan ta koma ɗin sai ka juya ta tura ka a kusurwa mai kyau.

Kulle alkibla ko kulle kusurwa

Hanya biyu ake tuƙi. Ko ka kafe alkibla, jirgi ya miƙe a kan digiri 210 ko mene ne iska ta yi, ko ka kulle TWA, jirgi ya riƙa bin iska duk inda ta juya yana riƙe da kusurwarsa. Kowace da ranarta, kowace da ramin da take jefa mutum.

Kulle kusurwa shi ne daidai idan kana hawa ko gangara a kan mafi kyawun VMG, domin kauce wa wannan kusurwa da digiri biyar ma yana rage ci. Haɗarinsa, idan iska ta juya digiri 60 cikin dare, jirgi ma zai juya 60, ka wayi gari yana dosar inda ba ka aike shi ba, ko ya hau tudu. Kafe alkibla ya fi idan iska na zuwa ta haƙarƙari kuma kana da wurin da kake son kaiwa, ko kana kusa da gaɓa. Nasa haɗarin, iska na iya zagayowa ta goshi jirgi ya tsaya, ko ta koma ƙeya yana jan ƙafa da ƙyallen da bai dace ba.

Kafin ka ajiye waya, ka ja ma'aunin lokaci da ke ƙasan taswira zuwa awar da za ka dawo, ka ƙara awa biyu a kai don tsaro, ka ga inda layin jirgin ya kai. Idan ya taɓa ƙasa, ko da ɗan tsibiri ne da sai an faɗaɗa taswira ake ganinsa, gyara shi yanzu. Jirgin da ya hau tudu yana nan tsaye har sai ka dawo ka juya shi, kuma awa shida a tsaye a lokacin da wasu ke gudun 18 ya haura mil 100. Wasan yana ba da damar ajiye umarni, wato ka ce da ƙarfe 2:40 na dare a koma alkibla kaza. Wannan ya fi duk wani abin da ake saye amfani ga mai aiki ko ɗalibi, kuma shi ne maganin ranar da aka ɗauke wuta ko data ta ƙare.

Maganar ƙyallaye gajera ce. Akwai na hawan iska, akwai manyan na gangara, akwai na iska mai rauni da na mai ƙarfi, kuma allon yana nuna wanda ya dace. Idan iska na kan iyaka tsakanin ƙyalle biyu, bambancin gudunsu kaɗan ne, kada ka yi ta canzawa. Sauran kayan ƙari, irin fikafikan da ke ɗaga jirgi daga ruwa, suna ƙara 'yan kaso kaɗan cikin ɗari. Ba abin rainawa ba ne, domin hanyar gasar kimanin mil 24,000 ce, kuma kashi 1 cikin ɗari nata mil 240 ne. Sai dai kuskuren hanya guda ɗaya ya fi haka tsada, kuma wanda ke gasarsa ta farko gara ya koyi iska tukuna kafin ya taɓa aljihu.

Agogon iska

Iskar wasan tana fitowa ne daga hasashen yanayi mai suna GFS na NOAA, hukumar yanayi da teku ta Amurka. Ana sabunta shi sau huɗu a rana, da ƙarfe 00, 06, 12 da 18 agogon GMT, amma sakamakon yana fitowa ne bayan kamar awa huɗu zuwa biyar. A agogon Najeriya da Nijar, wanda ke gaba da GMT da awa ɗaya, ka sa ran sabon hasashe wajen ƙarfe 5 zuwa 6 na asuba, 11 zuwa 12 na rana, 5 zuwa 6 na yamma, da 11 zuwa 12 na dare. Mai wasa daga Gana ya rage awa ɗaya. Waɗannan su ne lokutan leƙawa. Minti goma bayan sallar asuba, minti goma kafin azahar, kafin magariba, da kafin kwanciya sun fi awa uku na kallon allo a tsakiyar rana lokacin da babu sabon labari.

Hasashen yana kaiwa kwana 16, amma ba duka ake dogara da shi ba. Kwana biyu zuwa uku na farko abin kafa ƙafa ne. Daga kwana huɗu zuwa bakwai ka ɗauki siffar abin kawai, ba awarsa ba. Abin da ya wuce nan, ka duba ko hasashe uku a jere sun faɗi abu ɗaya. Idan kowanne da nasa labarin, kada ka yi caca da jirginka a kansa, ka tsaya a tsakiya inda za ka iya komawa kowane ɓangare.

A shafin Windy, mai nuna taswirar yanayi a intanet, ka zaɓi GFS, ba wani hasashe ba, domin ko wani ya fi shi dacewa da teku ta gaske, wasan GFS yake bi. Ka kunna layukan matsin iska. Inda aka rubuta H, tudun iska ne, wato inda matsin ya yi yawa: tsakiyarsa shiru, ba motsi. Inda aka rubuta L, kwarin iska ne, wato inda matsin ya yi ƙasa, mai guguwa. Inda layuka suka matsu, iska na da ƙarfi. Inda suka buɗe, rauni. A arewacin duniya iska na zagaya H kamar hannun agogo, tana zagaya L akasin haka. Ka tsallake ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, komai ya juye. Wanda ya manta da wannan juyin yakan bi ta gefen L da ba shi ba, ya sha iskar goshi kwana biyu.

Akwai manhajojin da ke lissafa hanya, irin su zezo da qtVlm. Kana ba su wurin da kake, irin jirginka da kayanka, su zana maka hanya mafi sauri bisa hasashen da ke hannu. Ka yi amfani da su, kusan duk na gaba suna yi. Amma ka san halinsu: sun yarda da hasashen kwana goma kamar yadda suka yarda da na awa goma, kuma za su iya tura ka cikin wata siririyar kafa tsakanin tudun iska biyu don ribar awa ɗaya, kafar da in ta rufe za ka rasa kwana biyu. Ka karɓi shawararsu ta awa 24 zuwa 48, sauran ka auna da idonka.

Hanyar da kanta

Daga Les Sables-d'Olonne ana ratsa mashigin Biskay zuwa kusurwar Sifen, a Finisterre. A Nuwamba sau da yawa akwai kwarin iska da ke tahowa daga yamma. Gabansa iska daga kudu maso yamma take, bayansa ta koma arewa maso yamma. Shi ya sa za ka ga ƙwararru sun nufi yamma kamar sun ɓata hanya: suna neman su ratsa gaban guguwar ne da wuri su sami iskar da za ta gangara da su kudu. A wasan jirgi ba ya karyewa, ƙyalle ba ya yagewa, don haka kana iya shiga inda matuƙan gaske ke gudu. Iyakarka pola ce, wadda ke nuna inda ƙarin iska ya daina ƙara gudu.

Daga nan sai tudun iskar Azores, wanda ke zaune wajen tsibiran Azores a arewacin Atlantika. Ana gangarawa ta gefensa na gabas da kudu, iska na lanƙwasa daga arewa zuwa arewa maso gabas zuwa gabas. Idan ka kutsa cikinsa, lanƙwasar na ba ka kusurwa mai kyau bayan ka juya, amma iska na raguwa da kowane mil. Ka juya da wuri, kusurwarka ta lalace; ka makara, ka maƙale. Ka sa ido a kan ƙarfin iska awa shida gaba, da zarar ka ga zai faɗi ƙasa da abin da jirgin ke buƙata, lokacin juyi ya yi. Tsibiran Kanari da na Kef Bade ka ba su tazara ta yamma, ko ka ratsa da lura, domin manyan duwatsu irin Teide mai tsawon mita 3,715 suna tare iska, su bar inuwar shiru a kudu maso yammacinsu.

Sai wurin da ake raba gasar gida biyu. Kusa da ikwaita akwai ɗamarar da iskar arewa maso gabas da ta kudu maso gabas ke karo, iska ta mutu, hadari ya taru. Faransawa na ce mata Pot-au-Noir. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan ɗamara ko bai taɓa ganin teku ba: ita ce ke hawowa arewa ta kawo damina, ta koma kudu ta bar wa hunturu fili. A kan tekun Atlantika siffarta kamar tsinin garma take, faɗi a wajen gaɓar Afirka, siririya yayin da ake yin yamma. Shi ya sa jirage ke ratsa ta wajen layin taswira na digiri 27 zuwa 30 yamma. Wanda ya matso gabas yana samun kusurwa mai kyau bayan ya fita, amma yana iya kwana uku a ciki. Wanda ya yi yamma da yawa ya fita da wuri, sai iskar kudu maso gabas ta matse shi a gaɓar Burazil. Ka zaɓi mashigarka tun kana kwana uku kafin isa, kuma da ka shiga ka dosa kudu kawai, ta hanya mafi gajarta zuwa sabuwar iska.

A taswira, hanyar zuwa kusurwar Afirka ta Kudu kamar ta bi gaɓar Afirka ce. Tarko ne. Tudun iskar Saint Helena na zaune a tsakiyar kudancin Atlantika, kuma gefensa na gabas iskar goshi ce tun daga ikwaita. Ana zagaya shi ta yamma, a gangara kusa da Burazil, har a sami kwarin iskar da ke tasowa daga Kudancin Amurka ya ɗauke jirgi zuwa gabas. A waɗannan kwanaki jadawalin matsayi zai ɗaga maka hankali, domin yana lissafa nisan da ya rage ne a miƙe: waɗanda suka yanke ta ciki za su hau sama, kai ka faɗi dubbai. Kada ka bi su. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Bayan kwana huɗu ko biyar, suna tsakiyar shiru suna gudun 4, kai kana gudun 20 a ƙasansu.

Tekun kudu, daga layin digiri 40 kudu da ikwaita zuwa ƙasa, ita ce mafi tsawo kuma dokarta ɗaya: kwarin iska na tafiya gabas ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana so ka zauna a gaban ɗayansu muddin za ka iya, cikin iskar arewa maso yamma. Idan ya wuce ka, iska ta koma kudu maso yamma, daga baya ta yi rauni, sai ka jira na gaba yayin da waɗanda suka riƙe shi ke ƙara nisa. Kusanci da kudu yana rage hanya, domin digiri ɗaya na tafiyar gabas mil 46 ne a layi na 40, mil 39 a layi na 50, mil 34 a layi na 55. Amma masu shirya gasar sun shata iyakar ƙanƙara kewaye da Antatika, kuma jirgin da ya tsallake ta a wasan gudunsa yana zubewa ƙwarai. Yawancin ɓarnar da ake yi a nan daga kulle kusurwa take: iska ta lanƙwasa cikin dare ta tura jirgi ƙetaren layin. Kusa da iyakar ka kafe alkibla, ka bar tazarar mil biyu ko uku. Ka tabbata kuma ka bar kusurwoyin nan uku, Good Hope a Afirka ta Kudu, Leeuwin a Ostireliya da Horn a ƙarshen Kudancin Amurka, a hannun hagunka, ka bi duk wata ƙofa da aka sa a taswira ta gefen da aka ce. Wanda ya tsallake ɗaya sai ya koma.

Bayan Horn, a digiri 56 kudu, gajiya ce abokiyar gaba. An yi wata ɗaya da rabi, mutane sun fara tsallake leƙen asuba, kuma gaɓar Ajantina da Burazil wuri ne mai iska marar tabbas inda hasashe ke sauyawa kowace awa shida. Nan ne mai naci ke wuce dubban jirage ba tare da wata dabara ba. A dawowa ana ratsa ɗamarar ikwaita ta yamma fiye da yadda aka yi a tafiya, sannan a hau iskar arewa maso gabas tana dukan gefen dama. Tudun Azores yana nan a gaba, wannan karon tsakaninka da gida. Kada ka dosa Faransa kai tsaye. Ka zagaya shi ta yamma har ka kai inda iskar yamma ke busawa, sannan ka karkata gabas. A awannin ƙarshe ka faɗaɗa taswira iyakar faɗinta, ka ga alamomi biyu na layin ƙarewa, ka kafe alkibla a tsakaninsu, domin jirgin da ya wuce ta wajen alama bai gama ba, kuma gaɓa na nan mil kaɗan a bayan layin.